Hannun da Ke Ƙasa

Tun ina ɗan shekara shida nake wasan hoki na kan ƙanƙara da sandunan da yayana Vendelin ya gama da su. Shi ne babba, shi ake saya wa, idan ta tsufa ta gangaro kaina. Har na girma na fara sayen tawa, irin tasa nake ɗauka, ta hagu. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Bara ciwon gwiwa ya raba Yaya da filin ƙanƙara. Ni kuwa ina nan ina bugawa da tsofaffin garinmu Brezno duk safiyar Lahadi. Ranar da sandata ta katako ta tsage, ya ce shi zai raka ni shago, wai ban iya zaɓe ba.

Mai shagon, Kvetoslava, ta tambayi nauyina don ta san taurin da zai dace da ni. Na faɗa mata.

"Ƙara masa kilo shida," in ji Yaya. "Tun yana yaro yake wannan ƙaryar."

Ta yi dariya, ta nufi inda sandunan zamani suke, waɗanda ba katako ba, marasa nauyi. "Dama ko hagu?"

"Hagu," muka ce baki ɗaya.

Ba ta ɗauko ba. Sai ta jawo sheburin kwashe ƙanƙara daga bayan ƙofa ta miƙo min. "Nuna min yadda kake share ƙofar gidanka."

Na kama, na yi kamar ina kwasa. Hannun hagu a sama, na dama a ƙasa.

"Bawan Allah, hannun da ke ƙasa ake dubawa, ai kai na dama ne. Wa ya ce maka hagu?"

Na juya na dubi Yaya. Ya zauna a kan benci, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Shekara arba'in da takwas, Blazej," ya ce a hankali. "Ina ta zaginka ba ka iya bugu ba. Ashe ni na karkatar da kai."

"Haba Yaya, ni fa ba hagu nake so ba. Taka nake so."

Ya miƙe da ƙyar, ya karɓi ta dama daga hannun Kvetoslava, ya danna ta a ƙasa ya ga yadda take lanƙwasa, ya mayar, ya zaɓi wadda ta fi ta laushi.

"Tsaya sosai. Daina ɗaga haɓa, ba hoto za a ɗauke ka ba."

Ya tsayar da ita a gabana, ya sa babban yatsa a jikinta daidai hancina. Ina jin numfashinsa. Ya ce a ba shi zarto.

"Kar ka rage da yawa," ta ce masa, "tauri za ta ƙara."

"Na sani, 'yar'uwa."

Shi ya yanke, shi ya naɗe mariƙin da tef.

Lahadin farko na sha kunya. Ƙwallo ta yi ta wuce ni, na faɗi sau biyu, abokai suna tambaya ko wani abu na sha. A ta huɗu na zura ɗaya a raga. Na waiwaya na hango Yaya a bayan katangar filin yana dukan gilashinta da tafin hannu, yana gaya wa wani baƙo da bai tambaye shi ba cewa wancan mai tumbin ƙaninsa ne.