Ranar da Dogo Ya Ajiye Makulli

Fitilar kan hanya ta koma koriya, amma Dogo bai taka mota ba. Motocin baya suka cika titi da ham, fasinjoji suka fara gunaguni, shi kuwa idonsa na kan hannayen da ke riƙe da sitiyari. Ya san tabon da ke babban yatsan, ya san agogon, amma hannayen sun yi masa kama da na wani da aka ba shi ajiya. In ya ce su juya za su juya kuwa? In sun juya, wa ya sa su?

Kwandastansa, wani dattijo da 'yan tasha ke kira Gajere, ya bubbuga jikin bas ɗin yana tambaya ko sai an aiko masa da katin gayyata. Dogo ya ja motar a hankali ya tsallake mahaɗar, ya gangara gefen titi ya kashe ta. Ya zare makulli ya miƙa wa Gajere ta taga.

"Ƙarasa da su, Baba. Ni ba zan iya ba."

Gajere tsohon direba ne, kuma bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Yau dai ya dubi fuskar yaron ya haɗiye abin da ya zo masa. Ya ce ya je gida, shi zai faɗa wa mai mota zazzaɓi ne.

Ba yau abin ya fara ba. Tun watannin baya Dogo ya lura tunaninsa ya daina zama nasa, yana zuwa masa kamar sanarwa a rediyon maƙwabta. In ya yi magana sai ya ji muryar tana fitowa daga wani ɗaki. A tasha a ce Dogo, a gida a ce Auta, duka sunayen su wuce ta gefen kunnensa suna neman mai su. Daga nan wani nauyi ya sauko masa. Ya daina zuwa kallon ƙwallo, ya daina ɗaga waya, abinci ya koma masa kamar yana tauna takarda. Yakan dawo daga aiki ya kwanta da kayansa, ya zura wa silin ido.

Umma ta ga duk wannan ta yanke hukunci ita kaɗai: ƙwaya ce. Ita da ta rene shi da yayarsa da wanki da guga bayan rasuwar babansu, ta san 'ya'yan mutane da tasha ta lalata. Ta laluba aljihunsa, ta shinshina rigunansa, ba ta sami komai ba, sai ta ce ya iya ɓoyo ne. Ta daina kiransa cin abinci, sai dai ta ajiye kwanon a bakin ƙofarsa. Abin ya yi masa zafi, amma ko zafin daga nesa yake jin sa.

Shi ya sa yau bai nufi gida ba. Ya taka da ƙafa har makarantar firamaren da yayarsa ke koyarwa, ya tsaya a bakin tagar ajinta yara na rera lissafi. Tana ganinsa ta ajiye alli, ta roƙi malamar aji na gaba ta duba mata yaran, ta ja shi baranda.

Ya daɗe yana neman ta inda zai kama maganar. Can ya ce, "Yaya, ina jin kamar ba ni ba ne."

"To in ba kai ba ne, wa ke cinye mana burodi da safe?"

Bai yi dariya ba, ita ma ta bari. Ta tambaye shi kai tsaye ko yana shan wani abu, ta ce in yana sha ya faɗa, ba za ta kai shi gaba ba. Ya rantse mata, hawaye na bin fuskarsa ba tare da ya san lokacin da suka fara ba. Ya ba ta labarin hannayen, da fasinjojin da ke bayansa, har da wata mai goyo a kujerar gaba. Yaya ba ta ƙara tambaya ba. Ta shiga ofis ta nemi izini, ta fito rataye da jakarta.

A asibiti suka yanki kati suka bi layin benci. Likitan farko ya saurare shi kaɗan, ya rubuta a auna jini da fitsari, sannan ya tura su wani gini a can baya. Da Dogo ya karanta allon da ke bakin ƙofar, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, sai ƙafarsa ta tsaya. Nan ne wurin da yake tsoro tun farko. Yaya ta kama gefen rigarsa kamar lokacin da take tsallakar da shi titi yana ƙarami, ta ce ai sun riga sun ɓata takalmi, su ƙarasa.

Likitar wata mace ce mai ɗan shekaru, tabarau na rataye a wuyanta, fanka na ƙara a saman kanta. Ta ce Yaya ta jira a waje tukuna. Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi ci, ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin illata kansa. Ya ce a'a, sai dai wani lokaci yana ganin ko bai farka ba babu abin da aka rasa. Ta gyaɗa kai, ba ta zaro ido ba.

"Kakan ji kamar kana tsaye a gefe kana kallon kanka yana aiki?"

Ya ɗago.

"Tunani kan zo maka ka ji kamar ba kai ka yi shi ba? Ka dubi hannunka ko fuskarka ka ji baƙi ne?"

"Likita, wa ya gaya miki?"

"Waɗanda suka zauna a kujerar nan kafin kai."

Dogo ya dubi kujerar. Ta roba ce, hannunta ya goge saboda riƙo. Tun da abin ya same shi yake zaton shi kaɗai ne a duniya aka yi wa haka, kuma babu kalmar da zai faɗe shi da ita wani ya gane. Ashe har tambayoyinsa a shirye suke. Ya sauke wata ajiyar zuciya da shi kansa ya ji ta, daga nan bakinsa ya buɗe. Ya yi ta zuba, tana saurare, ba ta duba agogo ba.

Da sakamakon gwajin ya iso ta kira Yaya ciki. Ta ce babu alamar ƙwaya a jikinsa. Abin da take zato shi ne farkon wani ciwo da ake kira sikizofireniya, amma ba za ta yanke ba sai ta ƙara ganinsa ta bi yadda yake tafiya. Ta ce ba ta alkawarin hanya mai sauƙi, amma zuwa da wuri babban rabo ne, da yawa suna shan magani suna aikinsu, suna riƙe da iyalinsu. Za a fara masa da kaɗan, ya dawo mako mai zuwa. Tuƙi kuwa ya ajiye shi har sai ta ce.

Nan ne kawai gabansa ya faɗi, don tuƙi shi ne abin da ya iya. Likitar ta lura.

"Mutumin da ya ji hannunsa ba daidai ba ya faka mota ya sauka, wannan da hankalinsa," in ji ta. "Kai ne ka yi wannan, ba wani ba."

A hanyar gida Yaya ta saya masa lemo mai sanyi, ya shanye tas. Ta ce to, ga alama dai mai cin burodin yana nan. Wannan karon bakinsa ya ɗan motsa.

Suka tarar da Umma a tsakar gida tana kwashe shanya, rana ta yi sanyi. Ganin su tare a irin wannan lokaci ya sa ta tsaya da zanin gado a hannu. Yaya ta yi mata bayani dalla-dalla, daga mota har magani. Umma ba ta kama sunan ciwon ba, ba ta ma nemi a maimaita ba. Abu ɗaya ta tambaya, ta kuma sake tambaya: an auna? Babu komai a jikinsa?

"Babu, Umma. Ciwo ne."

Ta zauna a kan bokitin da ke kife, zanin gadon ya zube a cinyarta. Sai ga ta tana dariya tana share ido da bakin ɗankwali. "Ciwo ne. Alhamdulillahi, ciwo ne."

Yaya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin uwar da aka ce ɗanta ba lafiya ta hau hamdala ba. Umma ta ce ta rufe mata baki, ciwo ai ana jinyarsa. Sannan ta dubi Dogo, wanda ya rakuɓe a bakin ƙofa, ta yafito shi. Ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Auta, na ɗauki alhakinka. Ka yafe mini."

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗora tafin hannunta a kansa, mai kaushin sabulu da ɗumin rana, ta tambaye shi ko yana ji.

Da a jiya ne da ya ce e, don a bar shi. Yau ya gaji da ɓoyo.

"Ina ji, Umma. Amma daga nesa."

Ta gyara zama a kan bokitin, ta ce Yaya ta ƙarasa kwashe shanyar.

"To zan bar hannun a nan har ya iso gare ka," in ji Umma.