A-kori-kurar Baba Elisha

Duk Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda bai san a-kori-kurar Baba Elisha ba. Fara ce, tsohuwa tukuf, amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Tun yana aikin gwamnati ya saye ta, kuma duk yaron da ya kuskura ya jingina da ita, ranar sai ya gane kurensa. To wannan motar ce ɗansa Filibus ya kai garejin Audu mai gyaran jikin mota a Babban Giji, wai a yanke ta.

Asibiti ne suka sallamo Baba, suka ce a je a yi ta addu'a, kowa kuwa ya san abin da hakan ke nufi. Tsohon ya ce shi dai a kai shi ƙauyensu, can bayan Kafanchan inda aka binne matarsa, ya cika a can, a kwantar da shi kusa da ita. Ga damina ta yi tsakiya. Daga inda kwalta ta ƙare laka ce har gwiwa, direbobin haya ko sunan garin ka ambata sai su kau da kai. Da ƙyar Filibus ya samo manyan tayoyi huɗu masu haƙora, na wata motar daji da ta mutu. Aka ɗaura su suka ƙi zama. Da an murza sitiyari sai taya ta ci fenda, ƙarfen nan da ke rufe samanta.

Audu ya ɗauko alli ya zana inda zai yanka. Filibus ya ga faɗin zanen, ya yi saurin tare shi.

"Haba Malam Audu, wannan ai rabin motar ne! Baba zai gani fa. Don Allah rage."

"Me za ta ɗauka?"

"Ni da ƙanwata Rahila, sai Baba a kan katifa a baya. Shi kuwa yanzu da hannu ɗaya sai ka ɗaga shi."

"To ai shi ke nan."

Audu ya goge da yawu, ya sake zana ɗan siriri. Da injin yanka ya fara kuka, tartsatsi na tashi, Filibus ya juya baya, ji yake kamar namansa ake yanka. Suka gwada ta a layi, ta tafi sumul. Aka kafa mata rumfar tamfol a baya.

Abin da Filibus ya manta shi ne mutanen garinsu. Kai, mutanen nan! Ranar Lahadi aka sanar a coci cewa a sa Baba Elisha a addu'a, za a kai shi gida. Addu'ar dai an yi ta, amma abin da ya fi shiga kunne shi ne mota za ta ƙauye. Tun saukar ruwan fari babu motar da ta shiga, kuma a wurinsu mai tafiya gida ba ya ƙin saƙo, ko da shi ne a kwance.

Washegari da safe ƙofar gidan ta zama kasuwa. Mama Miriam, shugabar zumuntar mata, ita ta fara isowa da buhun shinkafa na surukarta. Wani ya kawo taki, wani jarkokin manja, wani kwanon rufi, har da mai buhunan siminti na gyaran kabarin ubansa. Filibus ya ce, "Mama, motar nan ba za ta ɗauka ba."

Ta riƙe haɓa. "Filibus, ni? Ni da na goya ka? Ranar da uwarka ta rasu, ba a motarmu aka kai ta gida ba?"

Daga cikin ɗaki muryar Baba ta fito, siririya: "Karɓi kayan mutane." Filibus yana kallo aka yi ta lodi, bayan motar na sauka a hankali. Ya leƙa ƙasa, tsakanin taya da bakin yankan da ƙyar yatsa zai shiga. Haushi ya cika shi, na mutanen da na kansa, amma ya ce a ransa zai bi ta a hankali.

Aka kwantar da Baba a tsakiyar buhuna, Rahila ta zauna ta tallafe kansa. Baba ko kallon fendar da aka yanka bai yi ba. Har sun tashi, Mama Miriam ta biyo su da gudu, wai su biya ta Darmanawa, wani dattijon coci yana da ɗan saƙo, ɗan ƙarami ne wallahi.

Layin Darmanawa ruwa ya kwanta a kai, ba ka sanin inda rami yake. Filibus yana lallaɓawa, sai bayan motar ya faɗa, ji kake gwaram! Sannan wani ƙara mai tsawo, kamar an keta buhu. Ya fito cikin ruwa ya duba. Bakin ƙarfen da aka yanka ya zauna a kan tayoyin baya duka biyun, ya tsarge su ta gefe.

Mai facin bakin titi ya zo ya sa hannu a cikin yankan har wuyan hannu, ya girgiza kai. "Yallaɓai, gefe ba ya faci. Irin wannan tayar kuma sai an sa cigiya."

Filibus ya ɗaga tamfol. Buguwar ta taɓa Baba, numfashinsa ya koma sama-sama, leɓunansa sun bushe. Rahila ma'aikaciyar jinya ce, ba ta iya yaudarar kanta ba. Ta ce a hankali, "Yaya, ko an samo taya gobe, ba zai kai Zariya ba."

Ya tsuguna a bakin kwata ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko a asibiti. Masu Adaidaita Sahu na ta yi musu hon a ba su hanya.

Wata tifa ce ta jawo su da igiya zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, tayoyin na faɗa-faɗa a kan kwalta. Da suka tsaya, Baba ya buɗe ido.

"Ina muke?"

"Ƙofar gida, Baba. Ko Darmanawa ba mu wuce ba."

Hadari ya sake haɗowa daga gabas, masu saƙo sun fara fitowa ɗaya-ɗaya, kowa na sunkuyar da kai.

"Ku sauke wa mutane kayansu kada ruwa ya jiƙa simintin," in ji Baba.

Aka sauke har buhu na ƙarshe. Filibus ya hau, ya sa hannu zai ɗauke shi. Baba ya kama ƙarfen gefen motar ya riƙe gam, da ƙarfin da ba a san yana da sauransa ba.

"Ni ba nan aka aiko da ni ba," ya ce. "Ku bar ni a ciki."