Maiwar Uwani

Shekara goma sha tara ina malamin gona, rana ɗaya aka ce wai babu ni. Ranar tantance ma'aikata 'yan bindiga suka tare hanyar Gusau, motarmu ta juyo Kaura Namoda, da aka liƙa sunaye sai ga sunana, Bawa Atiku, cikin ma'aikatan bogi. Ni da babu ƙauyen da babur ɗina bai shiga ba daga Ɗan Isa har Dauran! Na yi ta zarya da takardu har takalmina ya huje, kowane ofis sai a ce in dawo Litinin. Allah ya isa na ce musu, kuma har gobe ban janye ba.

Wata biyar ina zaune ƙofar gida ina faɗa da kowa, har da awakin maƙwabta. Matata Mariya ta gaji da ni, ran nan ta ɗora mini kwanon tuwo ta ce in kai wa 'yan gudun hijirar Kurya Madaro da aka sauke a firamaren unguwarmu. Ina ajiye kwanon wata tsohuwa ta ƙura mini ido.

"Ba kai ne malamin da ya ce mu watsar da irinmu ba?"

Ni ne mana. Shekaru na yi ina bin gonaki ina zagin tsohuwar maiwarsu, doguwa mai daɗewa a gona, ina tallan sabon irin gero mai saurin nuna. Kusan kowa ya bi ni, ban da wannan tsohuwa, Uwani. Ta kwance bakin zanenta, sai ga farar maiwa cikin ƙulli, ba ta fi cikin tafin hannu ba. An ƙone rumbunta, an kashe ɗanta Jamilu a gona, da wannan kaɗai ta tsira.

"Tun kakata muke shuka ta," in ji ta. "In ta ƙare a hannuna, shi ke nan ta ƙare. Ni ba ni da gona, kai ba ka da aiki. To, mi kake jira?"

Kunya ta kama ni, na karɓa. Ina da wata 'yar gona bayan gari, ruwan farko na sauka na je na shuka ta tsaf, ko ƙwaya ɗaya ban rage ba. Wallahi tun da nake ban taɓa son wani aiki kamar wannan ba. Ni da na saba tsayawa bakin gona da littafi ina nuni da biro, sai ga ni duƙe da fartanya, hannu duk kanta. Da asuba nake fita. Mariya har tsokanata take yi, wai tun da aka kore ni na fara aiki. Maiwa ta tashi kore shar, ta wuce kaina, ta wuce hannuna in na miƙa. Duk Juma'a nake zuwa in ba Uwani labari, ita kuwa sai ta gyaɗa kai kawai.

Maiwar ta fara fidda kai ke nan aka sace mutum biyu a bayan gari. Washegari Jatau, shugaban 'yan sa-kai, ya zo da mutanensa da adduna, ya ce duk shuka mai tsawo kusa da gari a sare ta, a cikinta ɓarayi ke laɓewa. Geron maƙwabtana, irin da na koya musu, tuni an girbe. Tawa kaɗai ke tsaye.

"Jatau, don Allah mako huɗu! Iri ne, babu shi ko'ina!"

"Malam Bawa, ƙanena na cikin waɗanda aka ɗauka. Matsa."

Ina tsaye suka kwantar da ita duka. Na bi zangarniya ɗaya ɗaya ina murzawa, babu ƙwaya, sai ruwa fari. Na zauna cikin kara na yi kuka da hawaye, ban damu da wanda ya gani ba.

Kwana uku na kasa zuwa wajen Uwani. A na huɗu na je, na durƙusa na gaya mata. Sai ta tambaye ni:

"Wanda ka rage fa?"

"Inna, ban rage ba. Duka na shuka."

"Duka? Kai, Bawa! Shekara goma sha tara kana koya muna noma, ba ka san ba a zuba iri duka a ƙasa ba? Ko yaron goye a Kurya ya san ana rage rabi!"

Sai ta juya ɗaya bakin zanen, ta kwance wani ƙullin. Ashe rabi ta ba ni tun farko. Ta raba shi biyu, ta zuba mini kashi ɗaya a tafi, bai fi cokali biyu ba. Ta ce baɗi in shuka a tsakar gidana, inda adda ba ta shiga.

Na rufe hannuna gam. Na dubi wanda take ƙullewa na ce, "Wannan fa, Inna, wa za ki ba?"

Ta ja ƙullin da haƙori ta ƙara tamkewa.

"Manomi, in na gan shi."