Kira a Kwarin Marke

Takalmin Ma'u ya tsinke tun kafin su gama sauka cikin kwarin, ta duƙa tana lalube a duhu.

"Bar shi nan," in ji Haulatu. "Gobe kya dawo ki ɗauka."

"In dawo nan? Ko da rana tsaka ban dawowa."

Su uku ne, duk furfura ta fara yi musu sallama: Haulatu, da Ma'u, da Adda Hawwa mai nono, ƙawaye tun suna 'yan mata masu talla a kasuwar Kankiya. Lokacin yaƙin Turawa ne, ana ɗibar maza ana kai su Jos haƙar kuza. Cikin mutum ukun da aka ɗiba bara a garinsu Mawashi, biyu sun dawo da tari, ɗaya bai dawo ba. Da aka ce bana har da Ummaru, ɗan farin Haulatu, sai ya sulale ya ɓuya a Kwarin Marke, wani busasshen rafi da babu komai cikinsa sai yashi da ƙaya.

Kwanansa shida a can. Ranar nan da la'asar Ma'u ta je aron turmi gidan mai unguwa, alhali tana da biyu a gida, ta jiyo ana cewa da asuba dogarai za su tace kwarin. Maza an sa musu ido, ba mai motsi. Amma wa zai kula da tsofaffi uku? Adda ta ce in dai sun iso da shi ruga kafin gari ya waye, ɗanta Hamma zai kifa masa malfa ya kora shi arewa cikin shanu.

Babu wata, kuma ba su isa su kunna fitila ba. Yashin bai huce daga zafin rana ba, yana haɗiye ƙafa har idon sawu. Gaɓar rafin ta tashi dama da hagu, ta fi soro tsawo, sama ta koma 'yar siririya. Ma'u ta kama zanen Haulatu ta baya tana karanta Ƙulhuwallahu, in ta kai ƙarshe ta sake, don ita kaɗai ta riƙe.

Kura ta yi kuka. Duk suka daskare.

"Tana nesa," in ji Adda.

"Nesa kamar ina?"

"Kamar nan da wancan dutsen."

"Adda, don iyayenki ki riƙa yi mana ƙarya!"

Ba wadda ta yi dariya. Sun ɗan ƙara gaba Haulatu ta taka wani abu ya ƙarye, fari sol a ƙasa. Sai da Adda ta taɓa shi da sanda ta ce haƙarƙarin jaki ne, sannan numfashi ya dawo.

A gindin wani babban marke suka sami toka da sauran ɗumi, da gora babu ruwa. Ummaru yana kusa ke nan.

"Ummaru!" Ma'u ta kira a hankali. Ta ƙara da ƙarfi. Adda ma ta gwada. Gaɓar rafin kawai ke maido musu da sunan.

To wa zai amsa? Ko ɗan yaye a Mawashi ya san in aka kira sunanka a daji da dare shiru ake yi, don mutanen ɓoye ne ke aron murya.

Adda ta ɗaga kai. Gamzaki ya fito. Can ƙasa kuma, bakin kwarin ta wajen hanyar Kankiya, wata 'yar wuta na lilo kamar fitila a hannun mai tafiya.

"Ke za ki kira," ta ce wa Haulatu. "Muryarki ya sani."

"Ni? In kira shi da mi?"

"Da sunan da aka yanka masa rago!"

Shekara ashirin da bakwai Haulatu ba ta taɓa faɗin sunan nan ba, kamar kowace uwa mai kunyar ɗan fari. Ko Ummaru mahauci, "mai sunan wancan" take ce masa, ta sayi namanta ta wuce. Ta dubi wutar nan, ta ga ta zama biyu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, a duhun da ba mai ganin ta, ta buɗe baki.

"Ummaru!"

Sama da kansu aka yi salati da ƙarfi. Duwatsu suka gangaro, wani ya dira cikin yashi, ya zura a guje. Kuma wajen fitilun ya nufa.

"Mun yi wauta," in ji Adda. "Ya san uwarsa ba ta faɗin sunansa. Shi aljana ya ji."

Sawun yana ta nisa. Haulatu ta yar da mayafin.

"Kai wancan! Mai kan ƙwarya, marar ji! Ni za ka sa gudu cikin yashi da gwiwar nan tawa? Ka tsaya nan kafin in iso in ci mutuncinka!"

Gudun ya tsaya.

"Inna?"

"A'a, kakarka ce. Zo ka wuce!"

Ya dawo yana haki, ƙaton magidanci mai 'ya'ya biyu. Suka haura gaɓar ta hanyar shanu da Adda ta sani, da rarrafe, ƙaya na yagar zane. Sai da suka jiyo warin garke sannan ya iya magana.

"Inna, in za ku koma kar ku bi ta kwarin. Akwai wata a ciki. Muryarki sak, wallahi. Har sunana ta kira."

"Mun ji ta," in ji Haulatu.

Ma'u ta buɗe baki. Haulatu ta taka mata ƙafar nan da babu takalmi, ta murje.

Ma'u ta riƙe maganar har kwana tara, abin da bai taɓa faruwa ba a Mawashi. Ummaru kuwa, da ya dawo bayan shekara biyu, bai ƙara bin Kwarin Marke ba ko da rana.