Tambayar Telan Gado na Shida

Idan ka ce wa wanda ke bakin mutuwa "da sauƙi", ƙarya ka yi masa? Na juya abin nan har na gaji, ban samu bakin zaren ba.

Wata ɗalibar likitanci ta ajin ƙarshe, wadda abokan karatu ke kira Alƙaliya, ita ba ta da shakka. Tsohon likitan da ke koya musu ladubban aiki ya ce kada su taɓa yi wa majiyyaci ƙarya. Ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙasa.

A gado na shida a asibitin da take koyon aiki akwai wani tela da hantarsa ta gama lalacewa. Kullum da safe shi ke riga ta tambaya: "'Yata, ya jikin nawa yau?" Sai ta buɗe fayil ta karanto masa sakamakon gwajin jini.

Matarsa ta tare ta a baranda. "Don Allah 'yar nan, ki ce masa da sauƙi mana."

"Mama, ba zan iya ba. Babu sauƙin."

Ta kai wa malamin labari, tana jiran yabo. Ya cire tabarau yana gogewa.

"Ni na gaya masa gaskiya da bakina, mako biyu ke nan. Har ya ce a ba ƙaninsa keken ɗinkin."

"To me yake tambayata, Malam?"

"Oho. A tsaye kike amsa masa ko a zaune?"

"A tsaye."

"Ja kujera."

Washegari ta ja kujera. Telan ya ƙare wa farar rigarta kallo.

"Wa ya ɗinka miki wannan? Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya cuce ki!"

Dariya ta suɓuce mata. Ya kamo hannun rigar, ya naɗe shi daidai da ɗayan.

"Yau na sha shayi rabin kofi, bai dawo ba."

"Rabi ina?" in ji matar. "Cokali uku!"

"Ke da ma ba ki iya awo ba." Ya juyo, bai saki rigar ba. "'Yata, ya jikin nawa yau?"

Fayil ɗin na kan cinyarta, ta san abin da ke ciki. Ta ɗora hannunta kan nasa.

"Yau kam da sauƙi, Baba."