Waldar Yaya Ta Yi Kauri

Gwangwanin jan ruwa, gwangwanin farar hoda, gilashin ƙara girma, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, tufafi kala biyu. Su ke nan a jakar da Auta ta rungume a cikin motar haya. Tunda ta dawo daga karatun injiniya, yayanta bai taɓa neman ta duba masa komai ba, sai jiya da ya kira: "Ki zo ki ga wani abu."

Shagon waldarsa na nan yadda ta san shi, sai dai an gitta dogon ƙarfe a sama, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, da sarƙar ɗaga kaya a jikinsa.

"A share hanya, injiniya ta iso," in ji Yaya.

"Ina wuni, Yaya. Ina marar lafiyar?"

Ya nuna mata inda dogon ƙarfen ya haɗu da ginshiƙi. "Na yi masa walda, ya tsage. Na ƙara mai kauri, ya sake. Ko ƙarfen ne na banza?"

Ta hau tsani, ta wanke wurin, ta fesa jan ruwan, ta goge, ta bi da hoda. Can sai ga wani jan layi siriri kamar gashi ya fito, ba a tsakiyar waldar ba, a bakinta.

"Waldarka lafiya lau take," ta ce da ta sauko. "Gefenta ne. Duk ɗagawa ƙarfen yana ɗan lanƙwasa ya koma, har ya gaji. Gajiyar kuma a wannan tudun da waldar ta yi take taruwa. Da ka ƙara kauri, tudun ka ƙara."

"To, likita, maganin fa?"

"A huda rami a ƙarshen tsagar don ta tsaya. A kwashe ta, a sake walda. A dafe da farantin ƙarfe gaba da baya, a ɗaure noti sosai. Bakin waldar kuma a goge shi har ya kwanta sumul."

"A goge?"

Ta san za a zo nan. Waldar Yaya jere take kamar ɓawon kifi. Masu kawo aiki kan shafa ta da yatsa su jinjina kai, kuma da ita ake gane aikinsa ko a gefen titi. Da ita ya ciyar da gidansu bayan rasuwar babansu, da ita Auta ta yi karatu.

"In goge hannuna daga aikina? A ce ɗan koyo ne ya yi?"

Ba ta yi musu ba. Tambaya ta yi. "Wa ke tsayawa a ƙasa in ana ɗaga inji?"

Dogo, tsohon ma'aikacinsa, ya ɗaga hannu daga bayan tebur. "Ni ne, maigida. Kuma ka san iyalina ta kusa sauka."

"Kai wa ya sa da kai?" in ji Yaya. Amma bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon jan layin, sannan ya sa gilashinsa, ya ɗauki injin huda.

"Riƙe mini tsani."

Ta riƙe. Shi ya huda, shi ya sake waldar, kuma da ta huce shi ya kifa injin goge ƙarfe a kanta. Tartsatsi na zubowa gefen takalminta, tana kallon jeren nan mai kyau yana ɓacewa. Ta ga hotunan irin wannan tsaga a makaranta, duk bayan ƙarfe ya rufto an kwashe mutane aka ɗauki hotunan. Wannan kuwa an kira ta da sauran lokaci, kuma ta san yadda kiran ya yi masa nauyi.

Da ta gama ɗaure notin ta ce, "Yaya, na gode da ka kira ni."

"Don ki huta da zaman kujera na kira ki."

Ya shafa wurin da yatsa, ya taɓe baki. Sai ya ɗaga kai ya bi sauran mahaɗan da kallo. Duk aikinsa ne, duk masu kauri.

A waje wani direba na ta danna ham, da inji a bayan motarsa. Yaya ya leƙa, ya ba shi haƙuri, ya jawo ƙofar ƙarfen ya rufe.

"Ko allura ba za a ɗaga a shagon nan ba," ya ce, "sai mun bi sauran ɗaya bayan ɗaya."