Wayar Lado Mai 'Ya'ya Goma Sha Biyu

Mutum ya iya abu ɗaya, sai ya ɗauka Allah Ya ba shi duka. Wannan ciwon ne ya kama Lado na Yammedi, dillalin shanu, ranar da ya tsaya a shagon kayan wuta a kasuwar Rogo yana latsa wayoyin lantarki ɗaya bayan ɗaya kamar mai taɓa tozo.

Injin niƙa ya saya mai aiki da lantarki, ya kuma yi wa yayarsa Tasalla alkawarin shi zai niƙa mata dawar sunan jikanta, ba sai ta kai Karaye ba. Waya kaɗai ta rage.

Lukumanu mai shagon ya ce, "Baba, injin naka wane ƙarfi ne? Akwai ɗan faranti a jikinsa da aka rubuta. Kuma daga mita zuwa rumfar da za ka ajiye shi akwai nisa?"

"Kai yaro, waya na zo saya ko shari'a? Miƙo min waccan mai ƙibar."

"Wannan ba ta ɗaukar kaya ba ce. Saƙo take kaiwa cikin akwatin manyan injina, kunna nan, kashe can. Leƙa bakinta ka gani, ƙananan wayoyi ne goma sha biyu, kowacce kamar tsinken tsintsiya. Kai mai kaurin jan ƙarfe kake so, ga ta nan, lamba shida."

Lado ya dubi lamba shida ya taɓe baki. "Wannan ramammiyar? 'Ya'ya uku kacal? Ni za ka haɗa da mai cin ƙasa? Tun ba a haife ka ba nake raba lafiyayya da mai ciwon hanta."

"Baba, wallahi mai ƙibar nan za ta yi zafi."

"Auna min!"

Aka auna masa, ya ɗaura a bayan babur.

A gida mai gyaran wuta ya duba wayar, ya ce shi dai ba da hannunsa ba, ya tafi. Lado ya ce hassada ce. Ya ja wayar da kansa, ya bi da ita ta saman rumfa, inda ya jibge harawar da ya tara wa raguna. Da ya zo haɗawa sai ya zaɓi biyu cikin goma sha biyun, ya lanƙwashe sauran.

Maƙwabcinsa Ɗanmaliki ya leƙo ta katanga. "Malam Lado, goman fa?"

"Hutawa za su yi. Ka taɓa ganin an ɗaura wa shanu duka garma rana ɗaya? In waɗannan sun gaji a sauya."

Ɗanmaliki ya ce lallai wannan magana ce, ya koma.

Da hantsi aka kawo wuta. Tasalla ta zo da dawarta, mata suka jera kwanuka a bayanta. Injin ya yi gurnani, ya tashi da kyar kamar tsohon da aka tasa daga barci. Lado ya dafa wayar, ya ji ɗumi.

"Alhamdu lillahi. Lafiyayyar dabba ai jikinta da ɗumi."

Can Tasalla ta ɗaga hanci. "Lado, wa ke ƙona takalmi?"

"Yaya, ƙamshin sabon abu ne. Zuba dawa."

"Sabon abu ne ke ɗiga a kafaɗarka?"

Robar wayar ce ta narke. Lado ya ɗaga kai ya duba, daidai lokacin da harawa ta kama. Mata suka watse da salati, kwanuka na birgima. Ɗanmaliki ne ya haura katanga ya kashe mita, jama'a suka taru da bokitai da ƙasa. Lado kuwa yana tsakiyar hayaƙi yana ihu a sauya biyun nan, sun gaji.

Da ƙura ta lafa, Tasalla ta yafa mayafinta ta ce, "Gobe suna. Turmi yana gidana, taɓarya biyu ce. Ɗaya taka."

Ga abin da ya tafi: rumfa ɗaya, harawa dami talatin, injin da bai cika kwano ko ɗaya ba, dawar mata bakwai, hular zuwa Juma'a, da gemu ɓari guda. Saniyar da ya sayar ya sayi injin kuwa tana can Kwanyawa wurin sabon mai ita, a makon nan ta haihu.